Madaɓin Iya Tabawa Yana Bayan Motata

Da safen nan labarin ya same ni, ina tashar Rano ina lodi, saura kaɗan mota ta cika. Rabi ce ta kira, jikar Iya Tabawa. Ban ma gama amsa sallamarta ba ta ce, "Yaya Habu, Iya ta rasu."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Wai sai na ji bakina yana tambayarta, "Wace Iyar?" Kamar ina da wata.

Ta ce lafiyarta ƙalau ta yi sallar asuba, ta ce a dama mata koko. Kafin a kawo, ta jingina da bango. Shi ke nan.

Na ba fasinjoji haƙuri, na mayar da su motar da ke bayana a layi, na kama hanyar gida. Yanzu muka dawo daga maƙabarta, ƙasar kabarinta ma ba ta fita daga farcena ba. Ni ba gwanin rubutu ba ne, kun sani, hoton mota da gaisuwar Juma'a kawai nake sawa a nan. Amma yau in na yi shiru zuciyata ba za ta ɗauka ba. Kuma akwai alfarmar da zan roƙa a ƙarshe, don haka ku daure ku karanta.

Ga waɗanda ba su san ta ba: Iya Tabawa ita ce tsohuwar nan mai daddawa a kasuwar Kibiya, wadda ke zama a layin masu kayan miya, 'yar siririya, mai murya kamar ta mutum uku.

Ba kakata ba ce ta jini. Ƙawar kakata ce. Da kakata ta rasu sai ta gaje ni, har da wasan jika. "Angona" take ce min, ni kuma in ce mata "amarya". Matata ma "uwargida" take kiranta, su yi ta tsiya a tsakar gida.

Shekara da shekaru ni nake kai ta kasuwa. Gidan gaba nata ne, ko waye ya riga ta. "Amarya ba ta zama a baya," in ji ta. Ta ɗora ƙwaryar daddawa a cinya, mota ta ɗauki wari tun daga nan har Kano. Na sayi turaren mota har na gaji na bari.

Wata rana wani saurayi ɗan gayu ya toshe hanci da hankici. Ta waiwaya ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ɗan nan, cire ƙyallen ka gaishe ta. Ita ce take sa ka lashe kwano a gidanku." Har shi sai da ya yi dariya.

Lokacin da na yi hatsari na karye, na kwanta wata da watanni, mutane da yawa sun zo sun ce sannu sun tafi. Ita kuwa a kan babur ta zo, tsohuwa da ita, ta tsaya a kaina ta ce, "Tashi, malalaci, wa zai kai ni kasuwa?" Bayan ta tafi muka ga ƙullin daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa a bayan ƙofa. Kowane mako haka, har na taka. Ko sau ɗaya ba ta taɓa ambata ba, kuma in ka yi mata godiya sai ta zage ka.

To, yanzu ga abin da ya fi ci min rai.

Duk wanda ya bi ta garinmu ya san Soron Majalisa. Tun zamanin En'e aka gina shi. Nan hakimi yake zama da dagatai, nan alƙali yake shari'a, nan ake yanke duk wata magana da ta shafi ƙasar nan. Ginin ƙasa ne na tubali, kaurin bangonsa ya isa mutum ya kwanta a kai. A ciki akwai bakan gizo, wato ginshiƙan nan masu lanƙwasa da suke tasowa daga bango su haɗu a can sama, an jera azarar giginya a tsakaninsu. A waje ga zankwaye a kusurwoyi, ga indararo. Ko a tsakiyar bazara ka shiga, sai ka ji sanyi kamar an kunna fanka.

Da aka gina ofisoshin bulo, sai aka bar shi. Daga baya wasu suka shafe fuskarsa da siminti, a ganinsu gyara suka yi. Simintin ya riƙe danshi, bango ya riƙa ruɓewa ta ciki yana ɓamɓarowa. Jemagu suka tare a sama, awaki a ƙasa. Mu direbobi kuma muka mayar da inuwarsa gareji.

Bara ƙungiyar 'yan gari ta tashi tsaye, aka ce za a gyara shi yadda yake tun asali, ya zama ɗakin karatu da wurin taro. Aka ɗauko Malam Garba magini, ɗaya daga cikin 'yan tsirarun da suka rage masu ginin ƙasa. Aka kankare siminti, aka canja azarar da gara ta ci, aka ɗaure bakan gizon da ya tsage. Sai Malam Garba ya ce saura makuba, kuma mai yawa.

Na san yaran yanzu za su ce mece ce makuba. Ɗorawa dai kun san ta. Garinta a sha, kalwarta a yi daddawa, ɓawon kuma a daka a jiƙa ya ba da wani ruwa ja-ja. Wannan ruwan shi ne makuba. Da shi ake cuɗa ƙasar yaɓe don ruwan sama ya zame ya wuce. Kuma wa ke da ɓawon ɗorawa in ba masu daddawa ba?

Babu wanda ya sa Iya Tabawa. Ita ta ɗora wa kanta.

Ta sa ni a gaba: yau Lausu, gobe Zurgu, jibi wata ruga da ko hanyar kirki babu. Ta shiga gida-gida wajen tsofaffin ƙawayenta, ni ina waje ina gumi, ta fito da buhu. Na yi mita har na gaji. Na ce, "Amarya, motar haya ce fa, ba jakin gidanku ba." Ta ce, "Jakin gidanmu ya fi ka ladabi. Ja mu tafi."

Rannan dai a hanyar Zurgu na kasa haƙuri na tambaye ta. Na ce wai ke me ya haɗa ki da wannan kangon ne, kin hana kanki hutu kin hana ni?

Na zaci za ta yi fushi. Sai ta ba ni labari.

Mijinta ya rasu tana da ƙuruciya, ya bar ta da ƙananan yara. Tun yana raye ya ba ta bishiyoyin ɗorawar da ke gonarsa kyauta, gaban shaidu. Da ya rasu wasu cikin danginsa suka so a sayar da gonar har da bishiyoyin. Magana ta kai Soron Majalisa.

A wancan lokacin mata ba sa shiga soron. Akwai wata 'yar taga a bangon baya, nan mace take tsayawa ta waje ta faɗi abin da ke tafe da ita.

Ta ce, "Ina tsaye, goye da ɗa, rana tana dukan mu. Ba na ganin kowa a ciki, duhu kawai. Sai dai murya. Angona, muryar mutum takan yi girma a cikin soron nan. Aka kira shaidu, aka yi ta magana. Can sai na ji alƙali ya ce, ɗorawa ta Tabawa ce."

Da waɗannan bishiyoyin ta ciyar da 'ya'yanta, ta aurar da su, ta sa jikoki a makaranta. Rabin nan da ta kira ni da safe, malamar firamare ce yau.

Na ce to, ashe biyan alheri kike. Ta ce wannan ɗaya ke nan.

Na biyun shi ne kakarta. Ta ce lokacin da aka gina soron, magina suka gama nasu, sai aka tara matan gari su yi daɓe, tunda daɓe aikin mata ne. A baza birji, tsakuwar nan ja, a yayyafa ruwan makuba, mata su jeru a durƙushe kowacce da madaɓinta, katakon nan mai faɗin baki, su yi ta bugu suna waƙa har ƙasa ta kwanta ta yi sheƙi. Kakarta tana cikinsu.

"Da hannunsu suka daɓe shi," in ji ta. "Da ya bushe aka share, aka shimfiɗa tabarmi, maza suka shiga. Daga ranar ba su sake taka shi ba."

Wallahi daga wannan ranar ban ƙara yi mata mitar buhu ba. To, na rage dai.

Da ake kankare simintin bangon baya, sai ga tagar ta bayyana, an cushe ta da bulo. Aka yi ta muhawara. Rabi tana cikin masu cewa a toshe ta gaba ɗaya. A gabana ta ce wa kakarta, "Iya, wannan tagar ai abin takaici ce. Me za mu yi da abin da zai riƙa tuna mana an bar mata a rana?"

Iya ta ce, "Ku buɗe ta, ku buɗe ƙofa ma. In kuka toshe, nan da 'yan shekaru wa zai yarda mun taɓa tsayuwa a nan? Sai a ce tsohuwa ce take ruɗu."

Malam Garba ya buɗe ta. Ya gyara bakinta da hannunsa, ya shafe da makubar Iya.

Sai maganar ƙasan soron. Kwamiti suka ce a sa tayil a huta. Ni ban ga laifinsu ba: damina ta ƙarato, hadari ya fara haɗuwa ta gabas, kuma wa ke daɓe a zamanin nan? Matan da suka iya duk sun tsufa, bayansu ya ƙage. Malam Garba bai so ba, amma shi ba shi da matan da zai kawo.

Iya ta yafa mayafi ta same su a gindin bishiyar da suke taro. Ta gaishe su da ladabi, sannan ta ce, "Alhazai, ku ba ni rana ɗaya. In ban cika soron nan da mata ba, ku sa tayil ɗinku, ni zan fara yi muku guɗa."

Aka sa mata Asabar. Wannan Asabar ɗin mai zuwa. Aka yi da ita cewa in mata sun zo, daɓe; in ba su zo ba, tayil.

Ta sake bin gidajen nan ɗaya bayan ɗaya, wannan karon ba buhu take nema ba, alkawari take karɓa. Ta ce kowace tsohuwa ta zo da 'ya ko jika, tsohuwa ta nuna, yarinya ta buga. Madaɓai kuwa sai da aka tono su daga ƙarƙashin gado da bayan rumbu.

Shekaranjiya da la'asar muka kai buhunan ƙarshe. Shi ne ganina da ita na ƙarshe.

An kwashe katakan da magina suke hawa, an share gaban soron. Bango ya sha makuba ya yi jawur, zankwaye sun miƙe. Ni da na saba ganinsa kango, sai da na tsaya na riƙe baki. Ƙofa a buɗe take. Yanzu ai babu mai hana mace shiga, Rabi ma ta sha kai ɗalibanta su ga bakan gizo. Amma duk zirga-zirgar nan da muka yi, Iya ba ta taɓa sa ƙafa a ciki ba. A bakin ƙofa take sauke buhu ta juya.

Na ce, "Amarya, zo in shigar da ke ɗakinki mana. Ga ango ga ɗaki."

Ta ce, "Allah ya kiyaye. Ni ba 'yar kallo ba ce. Ranar Asabar zan shiga da madaɓina a hannu, in durƙusa inda kakata ta durƙusa. Na jira tun ina goyo, 'yan kwanakin nan ne za su gagare ni?"

Na ce to ai shi ke nan.

Sai ta zagaya baya tana dogara sanda, ta tsaya a tagar. Ta ce in shiga ciki in yi magana, tana so ta ji ko gyaran nan bai kashe muryar soron ba.

Na shiga. Na ce me zan ce?

Ta ce, "Kai ma ka sani."

Na gyara murya, da wasa na fara, har da ƙanƙance ido irin na alƙalai. Na ce, "Ɗorawa ta Tabawa ce."

Jama'a, muryar ta hau sama ta bi bakan gizo ta dawo min kamar ba tawa ba. Tsigar jikina ta tashi. Ta tagar nan ba na ganin komai sai rabin fuskarta da haske a bayanta.

Can ta ce, "Ba ta kai ta alƙali ba, amma na karɓa."

Da na fito na tarar tana goge ido da bakin mayafi. Wai garin makuba ne ya faɗa mata. Ban ƙaryata ta ba.

A mota ta ciro madaɓinta daga jaka. Tsoho ne, ya yi baƙi ya yi santsi saboda hannu, na kakarta ne ta gada. Ya tsage a wajen mariƙi. Ta ce in kai wa baduku a Rano ya ɗaure da fata. "Kuma ka dawo min da shi kafin Asabar. In ka manta, na sake ka."

Ban manta ba. Jiya na kai, aka ɗaure shi tsaf. Yau nake shirin kawo mata in na dawo daga Kano, har na tanadi tsiyar da zan yi mata. Yana nan a but, can bayan mota, nannaɗe a leda. Na buɗe but ɗin ɗazu don in ɗauko ruwa, na gan shi, na mayar na rufe.

Ba ta shiga ba, jama'a. Abin da ke ta yi min yawo a kai ke nan. Ta tara makubar da aka yaɓe soron nan da ita, ta sa an buɗe tagarsa, kuma ba ta taɓa ganin cikinsa ba sai ta wannan 'yar kafar.

Daga maƙabarta ban wuce gidan makoki kai tsaye ba. Na biya ta soron, na zagaya baya, na tsaya inda take tsayawa. Ban taɓa tsayuwa a wurin ba. Sai da na sunkuya sannan idona ya kai. Rana tana dukan ƙeyata, ciki duhu, da ƙyar na hango gefen bakan gizo ɗaya. Da idona ya saba, na ga birji an baza shi yana jira, ga randunan makubarta a jere a jikin bango.

Nan na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba. Ƙato da ni, ba na jin kunyar faɗa.

Malam Garba ya same ni a wurin. Bai ce min in yi haƙuri ba, shi ma idonsa ja. Ya ce 'yan kwamiti sun tambaye shi a hankali, yanzu yaya maganar Asabar? Ba da mugun nufi ba. Ruwa zai iya sauka kowace rana, kuma alkawarin da matan nan suka yi, ita suka yi wa. Ita ta san su, ita suke jin nauyi. Ni wasu gidajen kawai na riƙe, tunda a waje take bari na.

A gidan makoki Rabi ta aiko a kira ni zaure. Rabin da ta ce a toshe taga. Muryarta a dashe ta ce, "Yaya Habu, madaɓin yana wajenka?" Na ce yana nan. Ta ce, "Ban taɓa riƙe shi ba, ban san yadda ake yi ba. Amma ranar Asabar zan durƙusa, ko da ni kaɗai ce."

Mutum ɗaya ba ya daɓe soro.

To ga alfarmar. Mutanen Kibiya, na Rano, na Lausu, na Zurgu da ƙauyukan da ke kewaye: tsofaffin nan ba su da waya mai shiga nan. Ku karanta musu wannan. Ka tambayi mahaifiyarka, ki tambayi kakarki, ko Iya Tabawa ta shigo gidanku ta karɓi alkawari. In ta karɓa, ku ce mata Asabar tana nan, bayan an yi addu'ar uku. Wadda bayanta ba zai iya ba ta zo ta zauna a kujera ta nuna. 'Yan mata da matan aure, ko ba ku iya ba ku zo, a wurin ake koyo. Magidanta, don Allah ku bar su su zo.

Mota kuwa kada ta dami kowa. Tun da sassafe zan fara zagaye, kuma abokan aikina na tasha sun ce su ma suna ciki. Duk mai madaɓi a hannu ta tsayar da mu kawai. Sai dai gidan gaba a motata ranar babu mai zama, nan zan ajiye nata.

Allah ya jiƙan Iya Tabawa. Allah ya yafe mata kurakuranta, ya haskaka kabarinta, ya sanyaya mata shi fiye da sanyin soron da ta yi wa hidima. Allah ya ba 'ya'yanta da jikokinta haƙuri, mu ma ya ba mu.

Ya Allah, baiwarka ta tsaya a taga a nan duniya, cikin rana, da goyo a baya, ba ta yi ƙorafi ba. Kada ka tsayar da ita a waje. Ka shigar da ita Aljanna ta ƙofa.

Duk wanda ya karanta har nan, don Allah ya yi mata addu'a kafin ya wuce.